Kunnen Baba a Kasuwar Jega

Maiyama

Mun bar gida bayan sallar asuba, ranar wata Juma'a, ni da Yaya Sani. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ni kuma ina hutun makarantar horon malamai. Baba mai faci ne, a zauren gidanmu yake aikinsa, kuma likita ya hana shi taɓa famfon hannu na ba taya iska saboda ciwon ƙirji. Ga kakar albasa ta matso. Mun san halinsa: idan motoci suka fara layi babu kwamfaresa, injin ba taya iska, a zauren nan, famfon zai koma wa, ko da shi ne ajalinsa.

Yaya Sani ya san inji, amma shekarun da ya yi a gidan niƙa sun cinye masa ji. Shi ya sa Baba ya haɗa shi da ni, mu je mu sayo kwamfaresar.

"Hadiza, ke ak kunnena," ya ce. "A cika tanki, a kashe inji, ki saurara. In kinka ji shina huci kamar kububuwa, ko kyauta na ku baro shi."

A-kori-kura muka samu, muka zauna bisa buhunan gero. A shingen da ke kusa da Jega ɗan sanda ya tambayi inda za mu. Direba ya ce, "Sayen iska za su, yallaɓai."

"Iska kuma? Ba ga ta nan ba, Allah ya hore?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Tarin Baba na jiya nake ta ji a kunnena.

Aliero

A tashar Jega muka shiga bas, hantsi na yi muna Aliero, inda aka ce wani mai shago yana sayar da kwamfaresarsa. Warin albasa ya tarye mu tun daga bakin gari. Ko da muka gan ta, mai lantarki ce, wutar garinmu kuwa baƙuwa ce, ba ta sallama, ba ta ban kwana. Duk da haka Yaya ya duƙa ya kwance noti a ƙarƙashin tankin. Wani jan ruwa ya tsiyayo.

"Tsatsa ta ci cikinta," ya ce da ƙarfi, don bai san ƙarar muryarsa ba. "Wagga da mutum za ta hwashe!"

Mai shago ya ɗaure fuska. A tsaye muka ci ƙosai, muka juyo.

Jega

Rana ta take muka isa rumfar Alhaji Bawa, dillalin injuna na hannu. Guda biyu gare shi masu fetur: wata ja mai sabon fenti, da wata toka-toka mai lotsattsen gefe. Babu wadda gejinta na auna iska ke aiki. Aka tayar da su, aka cika, aka kashe. Ja ta riga cika, belinta sabo, na ga idon Yaya ya kwanta a kanta.

"Ƙanwata, mi kinka ji?" in ji Yaya.

Me zan ji? Masu walda na dukan ƙarfe, shanu na kuka, mai kaset ya ƙure murya. Na manna kunne a tankin, bugun zuciyata kawai nake ji.

"Yau na ga ikon Allah," in ji Alhaji Bawa. "An zo sayen inji da likitar kunne. Malama, ko a kawo miki gado ki kwanta kusa gare ta?"

Hawaye ya ciko mini. Ana haka aka kira salla. Maza suka yi ta saɓa dardumai, Yaya ya ce in jira shi. Cikin ɗan lokaci layin nan ya zama kamar rijiya. Ni kaɗai sai wata tsohuwa mai fura, ludayinta na ta bugun ƙwarya.

"Inna, don Allah ki ɗan tsai da ludayin."

"To, ɗiyata. Aljannu kika saurare?"

Na durƙusa gaban ja. Can sai na ji hucin, siriri kamar zare, yana fitowa daga ƙarƙashin fentin, daidai inda aka yi walda. Na koma ga toka-toka, na rufe ido, na daɗe. Ba komai sai ƙarfe na hucewa, ƙyas, ƙyas.

Da suka dawo na aza yatsa a wurin. Yaya ya shafa ruwan sabulu, kumfa ta taso tana kumbura.

"Wallahi ni ma haka anka saida min," in ji Alhaji, ba ya kallon kowa.

Toka-toka muka ɗauka.

Gida

Rungume da ita na dawo a bayan mota, kowane rami sai gabana ya faɗi, ina tsoron wani abu ya kwance. Gab da magariba muka sauka. Baba na zaune a benci, bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi kala ba. Tayar baya ta motar da ta kawo mu ta yi laushi, direba ya ce a gwada a kanta. Yaya ya ja igiya, inji ya ɗauka. Baba ya kama tiyo ya liƙa a bakin taya, yana zaune, numfashinsa lafiya lau, motar tana ɗagowa a hankali.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Inna mai fura, wadda ta riƙe ludayinta har aka idar da salla, ban ko tambayi sunanta ba.