Harafi Ɗaya Da Ɗigo

Ina da cikin fari Inna ta rasu. A wajen zaman makoki a Ɓaɓura, maigidana ya same ni a soro ya ce, "Ki yi haƙuri. In mace aka haifa, sunan Inna za a sa mata." Ban roƙe shi ba, shi ya faɗa da bakinsa, yayata tana tsaye tana ji.

Da ciki ya tsufa sai magana ta fara sauyawa. Ya dawo daga Roni ya ce Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta da takwara ko ɗaya cikin jikokinta. Muka daidaita a kan suna biyu, na Hajiya a gaba, na Inna a baya. Ban so ba, amma na yarda.

Saura yadda za a rubuta. Ni malamar firamare ce a Kazaure, na ga yadda suna na biyu yake ɓacewa. A aji ɗaya yana nan, kafin aji uku ya koma harafi, daga nan shi ke nan. Shi ya sa na ce a haɗa su da ɗan karan nan na tsakiya, su zama suna ɗaya da ba ya rabuwa. Ya yi dariya ya ce, "Ke da ƙa'idar rubutu! To, a sa karan."

Allah ya sauke ni lafiya, mace. Yaya ta zo ta zauna da ni don wankan jego, ta sayo bokitan roba na rabo, ta ba maigidana ya kai a buga sitika mai sunan jaririyar.

Ranar suna da hantsi, gida ya cika da mata, aka shigo da bokitan. Na ɗauki ɗaya. Ga sunan Hajiya da manyan baƙaƙe, ga nasa a ƙarshe. A tsakani harafi ɗaya ne da ɗigo. Innata ke nan.

Na aika aka kira shi bakin ƙofa.

"Malam, ina sunan Inna?"

"Mai bugawa ne ya ce wuri ya yi kaɗan."

Har na fara yarda. Sai ƙanena, wanda ya je masallaci wajen raɗin suna da safe, ya zo gaishe ni yana sunkuyar da kai. Da na matsa masa ya ce, "Yaya, suna ɗaya liman ya faɗa. Na ɗauka kin sani."

Ban yi kuka gaban mutane ba. Na sa leshina, na yi hoto, na amsa barka. Bayan magariba na sake tambayar maigidana. Ya ce Hajiya ce ta ce ba a raba takwara, shi kuma ba zai iya yi mata musu ba.

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Kina jego. Kuma ai na sa harafin."

Yadda ya faɗe shi ne ya fi ƙona mini rai, kamar wanda ya yi mini alheri.

Washegari Yaya ta haɗa kayanta, ko wankan ba ta ƙarasa mini ba. Ta ce ba da ni take fushi ba, amma ba za ta iya gaisawa da shi kullum safiya ba. Maƙwabciyata ce ta ci gaba da dafa mini ruwa har na yi arba'in.

Muna tare har yau, yarinyar ma ta shiga makaranta. Da aka haifi ƙaninta ya tambaye ni wane suna nake so. Na ce ya sa duk wanda ya ga dama, na juya na ci gaba da ba yaron nono.