Innata a Bencin Baya

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Mutuniyar Doguwa ce, daga rugagen gefen Falgore, su kuwa kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. In tana nemana sai ta ce "ke". In zancena take yi da maƙwabta, "ita waccan". Ƙannena kuwa har da sunan lele ake kiransu. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai, har na yi aure na haihu bai daina ba.

Da aka buɗe ajin yamma na matan aure a firamaren unguwarmu a Kiru, ni aka ba Turanci. Sai ga Inna a bencin baya, wai so take ta riƙa karanta saƙon waya da kanta.

Muka zo darasin wakilin suna. Na yi musu bayani: in ba a so a maimaita sunan mutum, sai a sa he in namiji ne, she in mace ce, they in suna da yawa. Ban taɓa ganin darasin da ya shiga kan matan nan da wuri haka ba. Wata dattijuwa ta ce, "Malama, ai mu shekara da shekaru haka muke yi wa mazajenmu. Ashe Turanci ne."

Nan dabara ta faɗo mini. Na ce yanzu za mu juya, ni zan ba da wakili, su su mayar da suna. Na dafa ƙirjina na ce, "She is a teacher. Wace ce she?" Na bi su benci-benci, kowacce tana faɗin sunana. Ni kuwa ba su nake jira ba. So nake in ji shi daga bakin Inna, ko da a matsayin amsar aji ne.

Aka zo kanta. Ta gyara mayafi, ta kalli taga.

Na ce, "Inna, ke ake jira."

Ta ce, "Ai duk sun faɗa."

"Kowa da bakinsa zai faɗa. Dokar aji ce."

Aka fara ƙus-ƙus a aji. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Su da suna suka san ta. Ni tun kafin ranar suna nake riƙe da ita, kuma ban taɓa kasa gane ta ba."

Na ce, "Daidai ne. Ta gaba." Babu ta gaba, Inna ce ƙarshe. Na juya musu baya na hau goge allo, na daɗe ina gogewa.