Kwana Ɗaya Tsakanina da Yaya

A shekarata ta biyu a Manchester, bincikena ya tsaya a kan Ƙara'iyawa, wasu Yahudawa da suka ɓalle daga 'yan'uwansu a Iraki tun zamanin Abbasiyawa. Suka ce Attaura kaɗai za su bi, ban da abin da malamai suka ɗora a kanta. Cikin abin da ya raba su har da ganin wata. Sauran sun koma bin lissafi, su kuwa suka kafe sai an gan shi da ido, don haka idinsu yakan faɗo a wata rana dabam.

A ɗakina na unguwar Levenshulme na rubuta babin wannan saɓani da isa, kamar ni aka kawo wa shari'ar. Na ce saɓanin aƙida ne, na wuce. Dama ba ni da abokin tattaunawa. Mutanenmu da muke haɗuwa a bas ɗin Oxford Road, da na faɗi abin da nake karantawa sai su ce, "Yahudawa kuma? Allah Ya kyauta," su koma kan wayarsu.

Mutum ɗaya nake da ita a ƙasar nan, yayata, likita a Birmingham. Duk azumin nan ni kaɗai na yi ta shan ruwa, abin da ya riƙe ni kawai shi ne zan yi Sallah a gidanta. Masallacin unguwarmu suka ce ba a ga wata ba, a cika talatin. Ranar cikon ta kira ni sau biyu ina ɗakin karatu, na ce ai gobe muna tare, ban bi kiran ba. A Kano wa ke tambayar yayarsa yaushe ne Sallarta?

Na yi Idi da safe, na hau jirgin ƙasa da babbar rigata ta sha guga. Na danna ƙararrawar gidan har yatsana ya gaji, sannan na kira ta.

"Haba auta! Ai mu jiya muka yi, masallacinmu calculation suke bi, ba ganin wata ba. Na yi ta kiranka. Wallahi ina on call, yara kuma suna school. Karɓi key wajen neighbour, akwai waina a fridge."

Na shiga. Kujerun aro suna jingine a falo, hular wani baƙo a kan talabijin. Na ɗumama wainar na ci a tsaye, ban ko cire rigar ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. A nan na gane na yi wa Ƙara'iyawan can ƙarya a babina. Wataƙila ba da faɗa abin ya fara ba, wani ne ya zo idi gidan 'yar'uwarsa ya tarar an share tsakar gida.

Farantan jiya suna kife a bakin famfo, sun fi ashirin, duk sun bushe. Na wanke nawa na cusa shi a tsakiyarsu.