Ina-Hanya da Haƙorin Auta

Ɗan ƙanena mai gyaran famfo ne, amma ko matarsa ta manta sunansa na gaskiya. Ina-Hanya muke ce masa. Wayoyi biyu gare shi, ɗaya a kunne, ɗaya a aljihu tana kuka. Famfonka ya fashe? Ina hanya. Surukarsa ta sauka a tasha? Ina hanya. Ni dai na gaya masa, ranar jana'izata ya aiko wayar ta kama makara.

Wata rana masu shirya fim suka ji shi a ƙofar shago yana rantse wa mutum uku cewa ga shi nan a kwana, alhali yana zaune kan bokiti yana sosa ƙafa. Darakta ya ce wannan ba sai an koya masa ba. Zai fito a magidancin da ke riƙe gidansa ta waya. Ni kuma aka dasa ni a benci, wai uwarsa.

"Ban da surutu, Gwaggo," in ji shi.

"Ni? Yaushe na fara?"

An maƙala masa makirufo a wuyan riga, an kunna kyamara, sai wayar aljihun ta yi ƙara. Ya ɗauka, don hannun nan ba ya jin magana. Autarsa ce, 'yar shekara shida. Haƙorinta na gaba kwana uku yana lilo, ta ƙi abinci, ta hana kowa taɓawa, saboda Baba ya yi alkawarin shi zai cire.

Muryarta har benci: "Baba, kar ka ce kana hanya. Ka ce ba za ka zo ba, in bar wa Mama."

Ya sauke wayar daga kunne a hankali. Darakta sai rawar jiki yake: "Madalla! Ci gaba!"

Ya ci gaba kuwa, da gudu! Ya watsa mini wayoyin a cinya. Mai sauti ya bi shi yana ihun makirufonsa, mai kyamara ya bi mai sauti, darakta ya bi su da takalmi ɗaya. Ni ma na lallashi gwiwoyina na bi su gida.

Ko da na isa, yana durƙushe a tsakar ɗaki yana haki, ya ɗaura zare a haƙorin, ya kasa ja. Ƙaton da ke kwance famfo mai tsatsa!

"Rufe ido, Baba," in ji yarinyar.

Ya rufe. Ta riƙe hannunsa ta fizga, ta jefa masa haƙorin a aljihun waya, ta ce yunwa take ji.

Waya ta yi kuka a hannuna. Ban ma duba mai kira ba, na ce, "Ya iso."