Fuskar Da Ke Cikin Bango

A layinsu Mai Gam ake ce masa. Sana'arsa liƙa takardar ado a bangon ɗakuna. Ya faro ta tun yana ɗaukar wa wani tsani, har ya kai bangon da ya liƙa ba ya kumbura, kome tsananin damina. Ba shi da yawan magana. Tafukansa kullum a bushe suke, gam ya yi musu fata ta biyu.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, mai sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake ce mata. Ita ta raba shi da furannin kanti da kowa ke liƙawa. Da ciwon ƙoda ya dawo da ita gida daga jami'a, sai waya ta zame mata abin hira. Takan ɗauki hoton ɓawon albasa ko tsatsar ƙofa, ta bi shi da filta: wannan ya dusashe shi, wannan ya juya masa launi, wannan ya ninka shi gida-gida kamar an kewaye shi da madubai. In zane ya yi mata, sai uban ya kai wa abokinsa mai injin bugawa a fitar da shi bandir guda.

"Baba, wannan fa fuskata ce," in ji ta wata rana, tana nuna masa wani zane mai ganyaye shuɗɗa da ratsin ruwan ƙasa.

"Ke tafi can! Ina hancin?"

"Irin naka ne, shi ya sa na rufa mana asiri."

Shi ya liƙa mata a ɗakinta.

Ranar da ta cika, ana cikin kuka da naɗe tabarma, wayar ta yi ƙafa a barandar asibiti. Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa aka san girman asarar. Uwata ce mai ɗaukar kowa hoto, ita kuwa ba ta yarda a ɗauke ta, balle da jikinta ya fara kumburi. Abin da ya rage sai na katin makaranta, hatimi ya cinye rabin kumatun.

Uwar yarinyar ta koma wuni a ɗakin, tana fuskantar bango. Ran nan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Malam, kamanninta sun fara kuɓuce mini. Ta ce maka tana cikin nan. Ka fito mini da ita."

Ya tafi wurin mai inji, domin zanen yana nan a kwamfutarsa.

"Mai Gam, ka taɓa ganin gari ya koma tsaba?"

"Hoto ne fa, ba gari ba."

"Abin da filta ya cire zubarwa yake yi, ba ajiyewa ba."

Duk da haka ya share masa wata tsohuwar kwamfuta a ƙuryar shago, bayan tulin bandir-bandir masu warin tawada. Lissafin Mai Gam shi ne, in ya gano hanyar da ta bi ta shiga, zai bi ta ya fito. Ya sa aka ɗauki fuskarsa ya fara gwaji. Yatsunsa masu kaushi sukan danna biyu inda ɗaya ake so. Ya dusashe, ya ninka, ya rina, ya goge, ya sake. Masu ba shi aikin liƙi suka yi ta aike har suka gaji suka nemi wani.

"Wannan fuskar taka ko filta ya sallama mata," in ji mai inji, yana ajiye masa shayi. Babu wanda ya yi dariya.

A hankali ya gane tsarin: dusashewa tukuna, sannan ninki, rini daga ƙarshe. Launin ya zo daidai, amma siffar ta ƙi. Tasa fuskar wani abu take bayarwa kamar busasshen laka. Sai ya roƙi matarsa ta zauna gefen taga a ɗakin yarinyar, inda haske ke faɗowa da hantsi, aka ɗauke ta hoto. Ba ta tambayi dalili ba.

Da ya bi da hoton ta hanyar nan, sai ga zanen Uwata ya fito. Lanƙwasar gira ce ta zama ganyen nan shuɗi, inuwar ƙasan leɓe ce ratsin ruwan ƙasa. Ya ɗauko na Uwata, ya bi matakan ta baya, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito toka-toka ne, kamar an shafa jiƙaƙƙen tsumma a gilashi. Ya daɗe yana kallo. Mai inji ya kashe rediyonsa.

Ya sa aka buga masa falle ɗaya na matar. A gida ya dama gam, ya liƙa shi kusa da ƙofa, gefe da gefe da na yarinyar, ya bi shi da tsumma.

"Wancan nata, wannan naki," ya ce. "Dubi, babu bambanci."

Ta taso ta duba, sama da ƙasa. "To ina fuskar?"

"Ba ta fitowa. Na bi ta ko'ina. Amma girar nan taki ce, bakin ma naki. Abin da ya saura kenan."

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni tawa na aike ka nema? Tawa ai ina da madubi."

Ta kama fallen ta ƙasa, gam bai bushe ba, ta ɗaye shi har sama. Ya zubo masa a kafaɗa da sanyinsa. Ta koma mazauninta, ta ƙura wa bangon ido, tana bin ganyayen ɗaya-ɗaya.