Mutumin da Ya Ƙwace Takalmin Yayana

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba Mai Basilla ya riga ya share gindin bangon da yake zama, ya ajiye bencinsa, ya jera guduma da gam da zare. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran takalmi a bakin tashar motar unguwarmu. Duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san halinsa. Ba ya kallon inda ka nuna masa sai ya fara zura hannu cikin takalmin, ya lalube shi tun daga dunduniya har baki. Masu gaggawa kan ji haushi, ni ma na sha yi masa tsiya ko ajiya ya yi a ciki.

Ƙarshen watan nan zai tattara kayansa, don ido ya ƙi. Babu wanda zai shirya masa taro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yayana direban bas ne, shekararsa goma sha biyu da ciwon sukari, ga taurin kai. In ka ambaci asibiti sai ka ce zaginsa ka yi. Wata safiya ya miƙa wa Baba takalminsa na dama a manne masa gindi, ya zauna yana hira da sauran direbobi. Baba ya zura hannu, sai ya ji abu ya soke shi. Ƙusa ce ta huda ta ƙasa, tsininta a tsaye, busasshen jini ya kewaye ta.

"Direba, tun yaushe kake taka wannan?"

"Wace? Ni ban ji komai ba."

"Cire safar in gani."

Waɗanda ke wurin sun ce sai da wasu suka kau da kai. Rami ne a tafin ƙafar, har ya fara ruwa, mai ƙafar kuwa yana dariya wai ai ba ta masa ciwo. Baba ya jefa takalmin cikin akwatinsa, ya rufe, ya zauna a kai.

"Haba Baba, fasinja sun cika mota!"

"Su sauka mana. Da ƙafar nan kake taka birki, da ita kake ci da iyalinka. Kawo mini katin asibiti, in ba ka takalminka."

Yaya ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya rantse gobe zai je. Baba ko gezau. Ƙarshe wani direba ya ja motar, Yaya ya tafi asibiti da silifas ɗin aro yana ƙunƙuni.

Likita ta ce sukari ya lalata jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ba ya jin zafi, kuma da ya ƙara mako guda da sai dai a yanke. Ta auna jininsa a kwance, ta sake aunawa a tsaye, ta tambaye shi ko yana jiri. Nan ya amsa abin da ya daɗe yana ɓoye mana, cewa in ya miƙe yakan ga duhu. Ta ce jijiyoyin da ke kula da bugun zuciya ma sun taɓu, kuma mai irin wannan, ciwon zuciya kan zo masa ba tare da ƙirji ya yi zafi ba, sai dai gumi da kasala da haki. Ranar na yi kuka sosai. Wata biyar Yaya bai taɓa sitiyari ba, ya kuma rasa ɗan yatsan ƙafa ɗaya.

Da na je godiya, Baba bai ɗago kai daga ɗinki ba. "'Yata, ba ilimi gare ni ba," in ji shi. "Uwar 'ya'yana ce ta koya mini, ita ma sukari gare ta. Ni na ɗinka mata takalmi da hannuna, ƙullin zare ya yi ta cin ta a ciki, ba ta ji ba, ban duba ba. Daga gwiwa aka yanke."

Baba, kai ne ka ƙi barin wannan baƙin ciki ya tsaya a ɗakinka. Kai ne mai sayar da jarida yake cewa ka hana shi gwada ruwan zafi da ƙafa. Kai ne ka yi wa tsohuwar malamar makarantarmu shimfiɗa mai laushi a takalmi, ka sa ta riƙa duba tafin ƙafarta a madubi kullum. Ba farar rigar likita, ba takardar shaida, amma ina alfahari da kai fiye da yadda zan iya faɗa.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu karatu, in da mai ciwon sukari a gidanku, ku durƙusa ku duba ƙafarsa yau, ko da zai yi muku faɗa.

Likita ta yarda Yaya ya koma tuƙi. Jiya na ji wasu direbobi biyu suna musun wanda zai kai kayan Baba gida ranar tashinsa. Yaya ya buga ƙafar damansa a ƙasa da ƙarfi, ya ce, "Ku huta, wannan ce za ta kai shi."