Uwar Da Ba Ta Kira Sunan Ɗanta Ba

Wata rana, Talata, ana yayyafi, sanyi na ratsa ƙashi.

A wani gari ne na ƙasar Turai. Wani mutumin Ringim mai suna Sallau ya isa ƙofar wani kamfani da ke sayen finafinai yana kai su gidajen sinima na duniya.

Shekara shida ya yi yana haɗa fim ɗinsa. Sau biyu ana hana shi biza. Kamfani huɗu sun duba aikin sun mayar masa da abinsa. Ɗaya ya ce bai ga yunwa a ciki ba. Wani ya ce fim daga Afirka, ba yaƙi ba bindiga, wa zai kalla?

Wannan shi ne na biyar, kuma bayansa babu wani. Ranar Alhamis jirginsa zai tashi. In ba su karɓa ba, fim ɗin zai koma gida a jaka, yadda ya zo.

Mai gadi ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa ƙofar baya, ta masu kawo kaya.

Sallau ya zaro takardar gayyata ya miƙa. Mutumin ya karanta har sau biyu, sannan ya kauce.

Shugabar kamfanin wata Baturiya ce, Madam Ilsa. Ta karɓe shi da fara'a, ta sa aka kawo masa shayi. Ta ce ta kalli fim ɗin, ya burge ta, za su saya.

Amma da sharaɗi ɗaya.

Akwai wani wuri a ƙarshen fim ɗin. Wani saurayi ya ɓace shekara bakwai, an fitar da rai da shi, sai ga shi ya yi sallama. Uwarsa na zaune a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai. Ba ta miƙe ba. Ba ta ɗago kai ba. Ta dai ce wa ƙanwarsa: "Ke, ba wa wancan ruwa."

Madam ta ce wannan wurin bai yi ba. Ta ce uwar ta yi kama da wadda ba ta son ɗanta. Suna da nasu ƙwararren mai yanka hoto, zai gyara. Za a yanke zaman, a ɗora murya tana kuka tana kiran sunan yaron.

Sallau ya ce mata saurayin nan ɗan fari ne. A wurinmu, uwa irin wannan ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta nuna ɗokinsa a gaban jama'a. Kara ce. In ta kira sunansa ta tashi daga matar da ya rubuta, ta zama wata.

Madam ta yi murmushi.

"Malam Sallau, na gane. Amma masu kallonmu ba za su gane ba."

Ya ajiye kofin shayin.

"Madam, shekara talatin ina kallon finafinanku. Na ga ɗa ya kira ubansa da gatsal ɗin sunansa, ya kuma buga masa ƙofa a fuska. Ban gane ba. Amma ban aiko muku ku yanke ba. Zama na yi har na koyi yadda kuke. Su ma su zauna."



Madam ta juya biro a hannunta. Can ta ce da la'asar akwai mutum arba'in, 'yan gari, da kamfanin kan tara don gwada sabon fim. Za a nuna musu nasa yadda yake. In sun ce uwar ba ta son ɗanta, ko dai a yanke, ko ya ɗauki abinsa.

Ya ce ya yarda. Ta ce ko zai tsaya ya yi musu bayani tukuna?

Ya ce a'a. Fim ɗin da sai mai shi ya tsaya a gefe yana fassara, bai gama haɗuwa ba.

Da la'asar aka kashe fitila. Sallau ya zauna a kujerar ƙarshe, hularsa a kan gwiwa.

Aka zo wurin. Saurayi ya yi sallama. Uwa ta ce a ba wa wancan ruwa.

Aka kunna fitila. Wani matashi ya ɗaga hannu ya ce shi dai ya ga uwar ta cika taurin zuciya. Mutum biyu-uku suka gyaɗa kai.

Sallau ya fara laluben jakarsa.

Sai wata tsohuwar Baturiya mai sanda ta miƙe daga layin gaba. Ta ce shekara arba'in ta yi tana aikin jinya a asibiti. Ta juya ta dubi matashin.

"Yaro, fuskarta ka tsaya kallo. Ba ka ga hannunta ba? Shinkafar ta watsa wa kaji, tsakuwar ta juye a tukunya. Matar nan saura ƙiris murna ta kashe ta."

Wasu suka ce su ma sun gani. Wasu suka ce a maido wurin. Aka maido.

Ga shi nan kuwa. Kaji na cin shinkafa, uwa na wanke tsakuwa za ta ɗora a wuta.

Aka fashe da dariya. Kafin dariyar ta lafa, an fara laluben hankici.

Madam Ilsa ta taso ta zo har kujerar ƙarshe. Ta ce sau biyu ta kalli fim ɗin a ofis, rubutun fassarar da ke ƙasa take bi, ba ta taɓa duban faifan ba.

Ta ce ba za a cire ko daƙiƙa ɗaya ba.

Washegari da safe Sallau ya sa hannu a takarda. Ya fito ta ƙofar gaba, ya tsaya a bakin titi, ya buga waya Ringim.

Shi ma ɗan fari ne.

"Inna, sun karɓa. Duniya za ta gani."

Sai ya ji ta janye wayar daga kunne tana ce wa ƙanwarsa: "Ke, tambayi wannan ko ya samu abin da ya ci a can."

Darasi: In an ce sai ka yanke kanka kafin a buɗe maka ƙofa, kada ka yanke. Ka gyara aikinka ya yi kyau har ya iya yin magana ba ka wurin, sannan ka tsaya a kansa. Mu mun koyi kallon nasu. Su ma suna da ido.

In ka san wani yaron namu da ke fama da kyamara ana ce masa labarinmu ba zai shiga kasuwa ba, tura masa wannan ya karanta.